Rabin Dakalin Maƙwabcinmu

Ni mutum ce mai saurin mantuwa, kowa a gidanmu zai ba da shaida. Sai in ajiye mukulli in juya in rasa inda na sa shi. Amma akwai abu ɗaya da ko tsufa na yi har haƙora suka zube ba zai fita daga kaina ba, wato fafutukar da na sha kafin a ba mu izinin yin gada a ƙofar gidanmu, shekarar da Baffa ya kwanta ciwo.

Ni ce auta, kuma da Auta kowa yake kirana. A lokacin na gama sakandare ina zaune a gida. Yayyena mata duk sun yi aure, Yayanmu namiji kuwa yana can Fatakwal wurin aiki, sai dai waya. Daga ni sai Inna sai Baffa, mahaifina. Tun ina ƙarama aka san ni da baki. Ba rashin kunya ba ne, ni dai kewaye-kewaye ne ban iya ba, kuma in aka ce mini "a bari zuwa gobe" sai in ji kamar an zuba mini ƙaiƙayi a jiki.

Gidanmu a Kazaure yake, a gindin dutse, daidai wata kwana. A shekarar ne aka shimfiɗa kwalta a hanyar da ta bi ta ƙofarmu. Mun yi murna sosai, don a da duk damina ruwan da ke gangarowa daga duwatsu sai ya cinye hanyar. Saboda ruwan nan ne aka yi kwata ta kankare gefe da gefe, mai zurfin da in babba ya faɗa za ta kai masa ƙugu. An rufe ta a bakin lunguna, amma ƙofofin gidaje kowa sai ya ji da kansa. Mu katako muka ɗora. Mai lafiya ya taka ya wuce, ko tunanin abin ba ya yi.

Ana nan wata safiya Baffa yana alwala buta ta suɓuce daga hannunsa. Hawan jini ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya ɗan karkace. Da aka sallamo shi daga asibiti likita ya ja mana kunne, ya ce lallai a riƙa kawo shi gashin ƙashi ba fashi, in aka yi sakaci hannun da ƙafar za su sandare, kuma in sun sandare shi ke nan.

A nan kwatar ta zame mana bala'i. Adaidaita sai dai ta tsaya a kan titi. A nemo maza daga maƙwabta, a kwantar da Baffa a bargo, su kama gefe-gefe su fito da shi ta zaure, su bi ta kan katakon nan yana lanƙwasa, mu kuma muna salati. Sai ka san Baffa kafin ka gane nauyin abin. Tsohon hedimasta ne, dogo siriri, wanda ko shara zai zubar a waje sai ya sa hula. Rabin mazan da ke ɗaukarsa shi ya koya musu karatu.

Ya daure na ɗan lokaci. Sai ranar da aka fito da shi wata tsohuwa mai tallan daddawa tana wucewa. Da ta ga maza ɗauke da mutum a bargo sai ta sauke ƙwaryarta ta dafe ƙirji. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Malam ne? Yaushe aka yi rasuwar?" Aka yi ta daka mata tsawa, ita kuma tana ta ba da haƙuri. Amma Baffa ya ji. Aka je gashin aka dawo. Da aka kwantar da shi sai ya kira Inna, da bakinsa da ba ya fita sosai ya ce, "Kada a ƙara kiran kowa. In za a ɗauke ni a bargo, a bari sai ranar ta zo."

Inna ta yi kuka, ta yi lallashi. Yaya ya yi ta magana a waya har katinsa ya ƙare. Baffa bai canza ba. Ni ban yi lallashi ba, don ban iya ba. Tambayarsa na yi kai tsaye, "Baffa, in adaidaita ta zo har bakin zaure, ba mai ɗaukarka, ni da Inna mu riƙe ka ka shiga, za ka je?" Ya kalli rufin ɗaki, sannan ya ce, "Zan je." To, ni abin da nake so in ji ke nan.

Washegari na kira magini. Ya duba kwatar ya ce aikin ba wuya, a fasa bakinta, a ɗaura rodi, a zuba kankare. Da na tambaye shi maganar izini sai ya yi dariya. "Wane izini, Auta? Ranar Asabar za mu yi, kafin Litinin ya bushe. Wa zai zo?" Na ce masa ni na san wanda zai zo. Can ƙasan layinmu wani ya cike kwatar da ƙasa ya sa ɗan bututu, aka zo aka shafa masa jan fenti, bayan kwana kaɗan aka kwashe abin gaba ɗaya. Ban shirya in samu Baffa ya yarda da ƙyar, ya fara fita, sannan a zo a rushe gadar a gabansa ba. Na ce ta hanya za mu bi, ko da hanyar za ta kashe ni da haushi.

Ta kuwa kusa. Na fara zuwa sakatariya, aka ce titin ba nasu ba ne, na jiha ne, aka kwatanta mini wani ofis. A can wanda na fara tararwa ya dube ni daga hijabi har takalmi ya ce, "Ina namijin gidan?" Na ce, "Namijin gidan yana kwance, shi ya sa ka gan ni." Bai ƙara tambaya ba, ya jawo mini kujera. Aka ce in kawo takardar gida, na kawo. Aka ce hoton ƙofar gidan, na ɗauko da wayata na je aka wanke. Na biya abin da aka ce na karɓi rasit. Daga nan sai jira, don injiniyan da zai zo dubawa shi ɗaya ne kuma har Roni da Gwiwa yake zagayawa. Na yi ta sintiri a ofishin nan har masinja ya sa mini suna. Da ya hango ni sai ya ce, "Ga Hajiya mai gada ta iso, kowa ya gyara zama."

Ranar da injiniyan ya zo na ɗauka an gama. Dattijo ne mai sanyin magana, irin mutanen da sanyinsu ke ƙara mini zafi. Ya fito da tef ya yi awo, ya taka har kwanar ya tsaya, ya dawo, ya sake komawa. Sannan ya naɗe tef ɗinsa ya ce, "Yarinya, a nan ba zai yiwu ba."

Na ce, "Ban gane ba zai yiwu ba. Ƙofar gidanmu ce fa."

"Ƙofarku ce, amma titin na kowa ne. Kun yi kusa da kwana da yawa. Mai tahowa daga bayan dutsen nan ba zai ga abin da ke fitowa daga gidanku ba sai ya zo kansa."

"To mu ɗauke gidan mu matsar da shi?"

Ko a jikinsa. Ina cikin zuba masa bayani, mara lafiya, likita, gashi, sai ga tifa ta karyo kwanar ɗauke da yashi, iskarta har ta ɗaga mini hijabi. Ya juyo ya kalle ni. Ban ce masa ya yi gaskiya ba, amma ban ƙara musu ba.

Sai ya nuna falwayar da ke gaba da gidanmu ya ce daga can zuwa gaba zai iya sa hannu. In aka yi gadar a can, adaidaita za ta haye, ta bi tsakanin kwata da katanga ta zo har bakin zaurenmu. Sai dai wurin ƙofar maƙwabcinmu ne, kuma akwai dogon dakali a jikin katangarsa da ya tare hanyar. Dole a rushe rabinsa, dole kuma mai gidan ya sa hannu cewa ya amince. Ya ba ni takardar da za a sa hannun. Yana shiga mota ya ƙara da cewa, "Ki hanzarta. In ruwa ya sauka ba ma barin a taɓa kwata sai bayan damina." Na ɗaga kai na dubi gabas. Zafin bazara ya riga ya kai inda ya kai, kullum da yamma sai hadari ya ɗan taso ya watse.

Wannan dakali ba dakali ne kawai ba. Nan dattawan layinmu suke zama tun kafin a haife ni. Nan ake ciyayya bayan magariba, kowane gida a fito da kwano a ci tare. Nan ake karɓar gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa. Mai shi, wanda muke kira Baba Alhaji, Babarbare ne ɗan kasuwar hatsi, yana bin kasuwar Babura da na ƙetaren iyaka, gajere mai ƙiba, mai zane a fuska da murya kamar lasifika. Mu kuwa Fulani ne. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, amma nasu shi da Baffa ya wuce na kowa. Na tashi ina jin Baba Alhaji yana cewa, "Kai Bafillace, yau an fito daga daji?" Baffa kuma ya amsa, "Bawa, ɗauko mini buta. Mu muka yi muku zanen nan don kar ku ɓace mana." Baƙo in ya ji sai ya ɗauka yanzu za a kai ruwa rana, alhali kwano ɗaya suke sa hannu.

Da na gaya wa Baffa abin da injiniya ya ce, take ya rufe maganar. "A'a. Ba za a rushe wurin zaman mutane saboda ni ba. Kada wanda ya tunkari Alhaji da wannan zance." Na san abin da ke ransa. Ya san in aka tambaya ba za a hana ba, kuma abin da ba ya so ke nan, a ce an yi masa don tausayi.

Inna ta ce a bi a hankali, a sa manya. Ta aika wa Kawu, ƙaninta. Kawu ya zo ya sha fura ya ce wannan magana ta mai unguwa ce. Muka je wurin mai unguwa ni da Kawu, ya saurara yana gyaɗa kai, ya ce in sha Allahu zai nemi lokacin da ya dace ya shigar da zancen cikin hikima. Shi kansa a kan dakalin nan yake cin tuwo kullum, kusa da Baba Alhaji, kafaɗa da kafaɗa. Sati ya wuce, lokacin bai dace ba. Wani satin ma haka. Duk sanda na tare shi sai ya ce, "Auta, irin wannan ba a yi masa gaggawa." Ni kuwa kullum da safe in na zo shafa wa Baffa man zafi sai in ga yatsunsa sun ƙara dunƙulewa, sai na sa ƙarfi kafin in buɗe su.

Abin da ya kai ni bango ya faru wata ranar Juma'a. Baba Alhaji ya shigo duba Baffa kamar yadda ya saba tun da ciwon ya same shi. Ina tsakar gida ina tankaɗe, ina jin su. Ya yi sallama a hankali, ya tsuguna a bakin ƙofa, ya sassauta muryar nan tasa ya ce, "Sannu Malam. Ya jikin, Malam? Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya sa kaffara ne." Ya ajiye ledar lemo ya fita sumui-sumui. Da na shiga ɗauke ledar sai na tarar Baffa ya juya fuskarsa bango. Ban san ko da ni yake ba ko da kansa, na dai ji ya ce, "Har Babarbare ya fara ce mini Malam. Lallai na tafi."

Sai a lokacin na lura. Tun ranar da Baffa ya faɗi, Baba Alhaji bai ƙara tsokanarsa ba, ko sau ɗaya. Shi a ganinsa ba a wasa da mara lafiya. Baffa kuma a wurinsa ladabin nan tamkar an fara yi masa ta'aziyyar kansa ne. Ga mutum biyu kowa yana jin nauyin kowa, ga mai unguwa yana jiran lokaci, ga hadari yana haɗuwa, ga hannu yana sandarewa. Na ajiye rariya. Na san Baffa ya hana. Na auna fushinsa da ƙafarsa, na ga fushin zai wuce.

Bayan la'asar na zura hijabi na ɗauki takardar injiniya. Inna ta ce, "Ina za ki?" Na ce, "Nan waje." Ta dubi takardar ta dube ni ta ce, "Auta, kar ki ja mana abin kunya." Na sa takalmi na fita.

Dakalin cike yake. Ga Baba Alhaji a tsakiya yana jan carbi, ga mai unguwa, ga liman, ga sauran dattawa. Mace ba ta tsayawa a wurin, balle yarinya. In za ki wuce ma sai ki rusuna ki gaida su ki ƙara sauri. Ni kuwa na cire takalmi na durƙusa a gabansu, na gaishe su ɗaya bayan ɗaya yadda ya kamata. Suka amsa suna jiran in tashi. Ban tashi ba. Niyyata in shigar da maganar ta hanyar wasansu shi da Baffa. Wasan nan tsakanin manya yake, ni ban taɓa yi da shi ba. In ya ɗauke shi raini, na ɓata zaman shekara da shekaru, kuma na kunyata Baffa yana kwance.

Na ce, "Baba Alhaji, ba Baffa ne ya aiko ni ba, ni na aiko kaina. Kayanmu na zo karɓa."

Ya tsayar da carbin. "Wane kaya, 'yata?"

"Tun ina ƙarama nake jin Baffa yana cewa kai bawansa ne. To bawa da abin da ya mallaka ai na ubangidansa ne. Dakalin nan namu ne. Rabi nake so, na bar maka rabi."

Mai unguwa ya zabura, "Ke Auta! Wane irin sakarci ne wannan? Tashi ki shiga gida!" Liman ya sunkuyar da kai, na kasa gane ko dariya yake ɓoyewa ko takaici. Baba Alhaji bai yi dariya ba. Ya ɗaga wa mai unguwa hannu, ya ce mini, "Me za ki yi da rabin dakali?"

Na zayyana masa komai, ban rage ba. Maganar tsohuwa mai daddawa, rantsuwar Baffa, abin da likita ya ce, awon injiniya, maganar damina. Na nuna masa takardar da inda zai sa hannu. Ina magana fuskarsa tana canzawa.

"Dakata. Kina nufin duk kwanakin nan ba ya zuwa gashin? Ni na ɗauka an sallame shi ne."

"Ba a sallame shi ba. Ƙin zuwa ya yi."

Ya juya ga mai unguwa. "Kai ka san da wannan?"

Mai unguwa ya fara gyara hula. "To, Alhaji, ina neman lokacin da ya dace ne..."

"Lokacin da ya dace! Kullum hannunka yana cikin miyata, ba ka ga lokaci ba?"

Sai na ƙara da abin da ban yi niyyar faɗa ba. Na ce, "Kuma Baba, don Allah ka daina ce masa Malam. Yau da ka fita cewa ya yi tunda Babarbare ya fara yi masa ladabi, to ya tafi."

Na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya yi sauri ya miƙe, ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba, ya nufi zaurenmu ni ina biye. Tun daga soro ya buɗe muryar nan da muka daɗe ba mu ji ba, har Inna ta yar da muciya.

"Ina Bafillacen nan yake? Kai, ɗan bin saniya! Ashe lalaci ne ya kwantar da kai? An ce ka je a gasa ka ka ƙi, kana nan kana shanye wa yara nono!"

Baffa ya juyo a hankali. Ya dubi Baba Alhaji, ya dube ni da takarda a hannu, ya gane abin da na yi. Kallon da ya yi mini har yau ina tuna shi. Sannan ya ce, kalma ɗaya-ɗaya, "Wa ya ba bawa izinin shigowa da takalmi?"

"Ka ji shi! Baki a karkace ma bai daina ba."

"Ba na son sadakar bawa. A bar dakalin."

"Wa ya ce sadaka? Kai wa ya san ka? Gada tawa ce, a ƙofata za a yi ta, ni zan sa hannu. Kai dai hanya zan ba ka ka riƙa bi, yadda muka saba ba shanunku burtali don kar su shiga gonar mutane."

Baffa ya yi ƙoƙarin haɗe rai, abin ya gagara. Dariya ta ƙwace masa, irin ta ɓari ɗaya, har da tari, Inna na bakin ƙofa tana share ido da gefen zane. Bai ce ya yarda ba. Cewa ya yi, "Burtalin ma ai mu muka share muku." A wurinsu wannan ya isa.

A kan gwiwarsa Baba Alhaji ya sa hannu a takardar. Litinin da sassafe ina ƙofar ofis kafin masinja ya buɗe. Injiniya ya duba ya ce, "Ya yarda a rushe dakalin? Yaya kika yi?" Na ce, "Tambayarsa na yi." Takardar izinin ta fito da sharuɗɗanta: kada a rage faɗin kwatar, kada a toshe ta da komai, a yi murfin yadda za a iya ɗaga wani ɓangare in za a yashe, kuma sai ya zo ya ga rodin da idonsa kafin a zuba kankare. Magini ya yi ta gunaguni, na ce ya yi yadda aka rubuta ko in nemo wani. Ranar da za a fasa dakalin Baba Alhaji da kansa ya karɓi guduma ya fara kai masa duka, yana cewa dattawan su matsa su takura, dama wasunsu ba sa kawo kwano mai nama.

Jiran kankaren ya bushe shi ya fi komai ci mini rai. Safe da yamma ina zuba masa ruwa, ina kallon sama. Sau ɗaya aka yi yayyafi, na kwaso ledoji da buhuna na rufe shi ina faɗa da hadari kamar yana jina. Baffa kuwa a kwanakin ba ya yi mini magana sai ta bakin Inna. "Gaya wa 'yarki ta miƙo ruwa." Ina tsaye a gabansa fa. Ban damu ba, na miƙa.

Ranar da injiniya ya ce a hau, adaidaita ta haye gadar, ta bi jikin katanga, ta tsaya hancinta a bakin zaurenmu. Baffa ya sa farar riga da hula. Ni ta dama, Inna ta hagu, yana jan ƙafar, muka fito da shi a tsaye. Ba mu kira kowa ba. Muka zaunar da shi na shiga kusa da shi. Mun zo daidai gadar sai ga Baba Alhaji ya tare hanya ya baza hannuwa. "Tsaya! Ba a wuce burtali sai an biya jangali." Baffa ya ɗaga sandarsa da hannun hagu ya ce wa mai adaidaita, "Taka shi, ni zan biya diyya. Ba tsada." Dattawan da suka cunkushe a ragowar dakalin suka kwashe da dariya, muka haye titi.

Sai da muka kusa asibiti, yana kallon waje, ya ce, "Auta." Na ce, "Na'am, Baffa." Ya ce, "Gobe da wuri za mu fito. Rana tana yi."

Hannun bai dawo duka ba, jinkirin da aka yi ya riga ya ci nasa. Amma ƙafar ta tashi. Yau Baffa da sandarsa yake zuwa masallaci.

Yanzu na yi aure har da 'ya, kuma an ce na ɗan yi sanyi, ko da yake mijina bai yarda ba. Abin da na koya dai shi ne, kunya da kawaici abubuwa ne masu kyau, a cikinsu aka raine mu, amma akwai ranar da suke cutarwa. Gidanmu da na maƙwabcinmu kowa yana son Baffa, kuma don son nasa kowa ya yi shiru har ya kusa rasa ƙafa. Tun daga lokacin, in abu ya shafi lafiyar mutum ko haƙƙinsa, ba na jiran wani ya nemo mini lokacin da ya dace. In doka ce in bi ta har ƙarshe, ko tana ba ni haushi. In mutum ne in je gabansa, in durƙusa in gaishe shi yadda ya kamata, sannan in buɗe baki in tambaya.